Zubin Farko: Daga Darar Kongolam Zuwa Wasan Fischer da Spassky

A Kongolam, bakin iyakar Najeriya da Nijar kan hanyar Daura zuwa Damagaram, ba sai an yi wa mutum bayanin dara ba. Gidaje talatin a haƙa a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Kafin a fara ci, sai an gama zubi, kuma gwanaye sun san tun a nan ake shirya wa abokin wasa gadar zare.

Darar Turawa, wadda ake kira ces, ita ma haka take. A 1972, a birnin Rekabik na ƙasar Aisilan, Bobby Fischer na Amurka ya kara da Boris Spassky na Tarayyar Sobiyet, zakaran duniya a lokacin. Kowa ya san Fischer da buɗe wasa da sojan gaban sarki. Kusan bai taɓa sauya wannan ɗabi'a ba. Ranar 23 ga Yuli, a wasa na shida, sai ya turo soja na uku daga hagunsa. Daga nan wasan ya juye zuwa buɗin da ake kira tayin sarauniya, inda mai farare ke miƙa soja ɗaya don ya mallaki tsakiyar fage. Spassky ya ƙi karɓar tayin, ya shiga salon kariya na Tartakower da ya ƙware a kai. Amma Fischer ya matsa wa sojojin Spassky na tsakiya, ya ɗaure masa manyan 'ya'ya a baya, har ya sallama bayan taku 41. Spassky da kansa ya taya 'yan kallo tafi. A ƙarshen karawar, Fischer ya ɗauki kambun da maki 12½ da 8½.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kowane taku na wancan wasa yana rubuce, yaro a Daura zai iya buɗe waya ya bi shi ɗaya bayan ɗaya. An kasa buɗe-buɗen ces gida 500 a kundi. Zubin dararmu kuwa yana kan dattawa kawai, iska na share gidajen kafin gari ya waye. Ɗalibin sakandare da littafi da biro, ya sa wa gidajen nan lamba daga 1 zuwa 30, ya isa ya fara rubuta yadda gwanayen Kongolam ke zuba 'ya'yansu.