Wa Ke Naɗa Fafaroma? Mu Bambance Aya da Tsakuwa

Fafaroma Francis ya rasu ranar 21 ga Afrilu 2025, aka sanar da magajinsa, Leo na 14, ranar 8 ga Mayu. Tsakanin waɗannan ranaku biyu, da ma bayansu, zance ya yi ta yawo a cikin birnin Kano, daga majalisun Ƙofar Mata zuwa rumfunan kasuwar Kurmi, a baki da kuma ta saƙonnin murya na WhatsApp. Cikin ganuwa ba unguwar 'yan Katolika ba ce, babbar cocinsu tana can Sabon Gari. Amma Bakano ba ya jin maganar naɗin sarauta ya yi shiru, ko da a Rum ake yi.

Abin lura game da wannan jita-jita shi ne, yawancinta ba ƙage ba ce zalla. Gaskiya ce da ta kwana, wata ma ta shekara ɗari bakwai. Kusan kowace doka ta zaɓen Fafaroma an kafa ta ne bayan wani ya yi maguɗi ko ya yi ƙarfa-ƙarfa. Ga manyan maganganun, da hukuncin kowace.

“Fafaroma shi ne shugaban Kiristocin duniya.”

Ƙarya ce. Shi ne shugaban ɗariƙar Katolika, mai mabiya kimanin biliyan 1.4, kuma ita ce mafi girma a cikin ɗariƙun Kirista. Amma ɗan ECWA ko COCIN ko Angilikan ko Baftis ba ya ƙarƙashinsa, haka ma Kibɗawan Masar da 'yan Otodoks na Rasha. Maƙwabcinka Kirista a kasuwar Kwari yana iya zama ba shi da haɗi da zaɓen nan ko kaɗan.

“Amurka ce ta naɗa shi.”

Ƙarya ce a yau, amma tana da tushe. Abubuwa biyu suka hura wutar zancen: Robert Prevost haifaffen Chicago ne, shi ne Ba'amurke na farko da ya hau kujerar, kuma 'yan kwanaki kafin zaɓen Donald Trump ya wallafa wani hoton ƙirƙirarriyar basira da ke nuna shi sanye da kayan Fafaroma. Sai dai masu zaɓen 133 ne daga ƙasashe kusan 70, goma kacal daga cikinsu Amurkawa ne, kuma ana buƙatar kashi biyu cikin uku na ƙuri'u, wato 89. Shi kansa Prevost ya shafe kimanin shekara 20 yana aiki a Peru, har ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar, ya yi Bishop na garin Chiclayo, kafin Francis ya kira shi Rum a 2023 ya ba shi ofishin da ke tace sunayen waɗanda za a naɗa bishop. A wannan ofishi masu zaɓen suka san shi.

A da kuwa, sarakuna sun naɗa sun sauke. Akwai zamanin da ba a tabbatar da sabon Fafaroma sai da amincewar Sarkin Rumawa na Ƙusɗanɗiniyya. A 1046 Sarki Henry na 3 na Jamus ya sauka Italiya, aka kawar da mutum uku masu jayayyar kujerar, ya ɗora Bajamushe, Clement na 2. Don a tsere wa irin wannan ne Fafaroma Nicholas na 2 ya yi doka a 1059 cewa manyan limaman da ake kira kadinal su ne masu zaɓe. Duk da haka, daga baya sarakunan Faransa da Sifaniya da Ostiriya suka samar wa kansu damar hawa kujerar naƙi: kowannensu yana iya turo da saƙo cewa ban da wane.

Bakano ya san wannan labari a gida. Masu zaɓen sarki a Kano huɗu ne, Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta, amma kullum akwai wani hannu a sama da nasu. A 1893 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya nace sai Tukur, Yusufawa suka fice zuwa Takai, aka yi Yaƙin Basasa. A 1903 Turawa suka ci Kano, Lugga ya naɗa Wambai Abbas. A wannan shekara ta 1903 aka yi katsalandan na ƙarshe a Rum. Ana tsakiyar zaɓe, Kadinal Rampolla yana kan gaba, sai Kadinal Puzyna na Krakow ya miƙe ya ce Sarkin Ostiriya Franz Joseph bai yarda da shi ba. Ɗakin ya yamutse, Rampolla ya nuna ƙin amincewarsa, amma a ƙarshe Giuseppe Sarto aka zaɓa, ya zama Pius na 10. Shi da ya ci moriyar abin, shi ya rufe ƙofar: a Janairun 1904 ya yi doka cewa duk kadinal ɗin da ya sake shigo da saƙon wata gwamnati, korarre ne daga coci. A nan hanyar Rum ta rabu da ta Kano. A wurinmu har yau sai gwamna ya sa hannu a takardar naɗi. A can, daga lokacin da wanda aka zaɓa ya ce ya karɓa, ya zama Fafaroma, babu wanda ake jiran sa hannunsa.

“Gado ne, mai ci shi ke nuna magajinsa.”

Rabi ƙarya, rabi gaskiya. Babu gidan sarauta, babu yarima mai jiran gado, kuma doka ta hana kadinal-kadinal ƙulla wata yarjejeniya kan magaji alhali Fafaroma yana raye. Amma an taɓa mayar da kujerar tamkar kayan gida. Benedict na 9, ɗan wani babban gida na yankin Rum da ya fitar da Fafaroma fiye da ɗaya, ya karɓi kuɗi ya sauka a 1045. Alexander na 6 na gidan Borgia, wanda ya hau a 1492 cikin zargin sayen ƙuri'u, kawunsa Callixtus na 3 ne ya ba shi jar hular kadinal. Gidan Medici na Florence ya fitar da Leo na 10 a 1513, sannan ɗan baffansa Clement na 7 a 1523. Saboda irin wancan zargi na sayen ƙuri'u ne Julius na 2 ya yi dokar da ta rushe duk zaɓen da aka saya da kuɗi.

Inda gaskiyar zancen take a yau shi ne: Fafaroma ba ya zaɓar magajinsa, amma shi kaɗai ke naɗa masu zaɓen. Cikin mutum 133 da suka shiga ɗakin a 2025, Francis ne ya naɗa 108. Ya ɗauko wasu daga wuraren da ba su taɓa samun kadinal ba, irin su Mongoliya da Sudan ta Kudu, ya rage rinjayen Turai. Wannan ba ya nufin sai ra'ayinsa za a bi. A 2013 duk masu zaɓen naɗin John Paul na 2 ne da Benedict na 16, amma suka fito da Francis, wanda salonsa ya sha bamban da nasu.

“Ba a taɓa ɗan Afirka ba, kuma an danne Najeriya.”

Kashin farko ƙarya ne. Tsofaffin littattafan cocin sun lissafa mutum uku masu asali daga Arewacin Afirka, lokacin da yankin ke ƙarƙashin Rumawa: Victor na 1 a ƙarshen ƙarni na biyu, Miltiades daga 311 zuwa 314, da Gelasius na 1 daga 492 zuwa 496. Abin da yake gaskiya shi ne, sama da shekara 1,500 ke nan ba a sake ba, kuma ba a taɓa samun Fafaroma daga kudu da Sahara ba. Ba Afirka kaɗai aka bari a baya ba: daga 1523 zuwa 1978, shekara 455, ban da Italiyawa babu wanda ya hau, sai da John Paul na 2 ɗan Folan ya karya tarihin. Shi ne wanda ya zo Kaduna a 1982.

A 2025 jaridu sun yi ta ambaton Peter Turkson na Gana, Fridolin Ambongo na Kinshasa da Robert Sarah na Gini. Amma ambaton jarida ba ƙuri'a ba ce. 'Yan Afirka 18 ne suka cancanci zaɓe, 17 suka halarta. Ko sun haɗa kai a kan mutum ɗaya, tsakaninsu da 89 akwai tafiya.

Maganar Najeriya kuwa, shekaru ne suka yi aiki, ba danniya ba. A 1970 Paul na 6 ya yi doka cewa kadinal ɗin da ya kai 80 ba ya zaɓe. Najeriya tana da kadinal huɗu a lokacin zaɓen 2025: Francis Arinze, Anthony Okogie da John Onaiyekan duk sun haura, saura Peter Okpaleke na Ekwulobia, shi kaɗai ya shiga. Arinze, wanda aka yi ta hasashensa a 2005, ya yi zaɓe a wancan karon. Dokar ta hana waɗanda suka kai 80 jefa ƙuri'a ne kawai, ba ta hana a zaɓe su ba. A ƙa'ida ma duk namiji ɗan Katolika da aka yi wa baftisma ana iya zaɓensa, ko da yake rabon da a ɗauko wani daga wajen kadinal-kadinal tun 1378.

Akwai wata alaƙa ta gaske da masu yaɗa zance suka tsallake. Leo na 14 ɗan ƙungiyar limaman Augustine ne, ya shugabance ta a duniya daga 2001 zuwa 2013, kuma a wannan matsayi ya sha zuwa Najeriya. Bishop ɗin Katolika na Kano, John Namaza Niyiring, shi ma ɗan wannan ƙungiya ne.

“Kulle su ake yi, a hana su abinci sai sun zaɓa.”

Kullewar gaskiya ce, yunwar ta tarihi ce. A 1268 Clement na 4 ya rasu a garin Viterbo. Masu zaɓen ba su kai 20 ba, amma suka rabu gida biyu, masu goyon Faransa da masu adawa da ita, suka yi ta jan ƙafa har kusan shekara uku. Da haƙurin mutanen gari ya ƙare, sai suka garƙame su a fadar, suka rage musu abinci, daga baya suka yaye rufin ɗakin don rana da ruwan sama su taya su shawara. Wanda aka zaɓa a 1271, Gregory na 10, ba kadinal ba ne, kuma yana can garin Akka a Falasɗinu saƙon ya same shi. A 1274 ya mayar da kullen doka: bayan kwana uku a rage abinci, bayan wasu biyar ya koma burodi da ruwa da ruwan inabi kawai.

Yau masu zaɓen suna kwana a masaukin Santa Marta cikin Batikan, suna cin abincinsu. Abin da ake hana su shi ne waya da jarida da rediyo, ana kuma toshe sabis a wurin. Kowa yana rantsuwar riƙe sirri, har masu dafa abinci da direbobi. Zaɓen 2025 a rana ta biyu aka gama, a zagaye na huɗu.

“Hayaƙin nan asiri ne, shi ke nuna wanda aka zaɓa.”

Ƙarya ce. Hayaƙin sanarwa ce bayan an gama ƙirga. Ga yadda ake yi a ɗakin ibada na Sistine: kowane kadinal yana rubuta suna ɗaya a ƙaramar takarda, yana sauya salon rubutunsa don kada a gane hannunsa. Ya ninke ta, ya ɗaga kowa ya gani, ya taka zuwa gaba, ya yi rantsuwa da ƙarfi, ya ɗora takardar a faranti, ya karkata farantin ta zame cikin mazubi. Mutum uku da aka fitar ta hanyar ƙuri'a suke ƙirgawa, na ƙarshe ya karanta sunan a bayyane, sannan ya soke takardar da allura ya zura ta a zare. In an gama, a ƙulle zaren, a kai murhu a ƙona. Ana iya yin zagaye huɗu a rana.

A da jiƙaƙƙiyar ciyawa ake haɗawa don hayaƙin ya yi baƙi, kuma yakan rikita mutane, kamar a 1958 da jama'a suka yi ta murna kan hayaƙin da ba fari ba ne. Tun 2005 aka ƙara murhu na biyu mai ƙona sinadarai, wasu na baƙi wasu na fari, aka kuma haɗa da kaɗa ƙararrawa.

Sharaɗin kashi biyu cikin uku shi ma ɗan rikici ne. Alexander na 3 ya kafa shi a 1179, bayan ya sha fama da masu kiran kansu Fafaroma da goyon bayan Sarkin Jamus. Bai hana ɓaraka gaba ɗaya ba: daga 1378 cocin ta yi Fafaroma biyu, ɗaya a Rum ɗaya a Avignon, daga baya suka zama uku, sai a 1417 taron Constance ya daidaita kan Martin na 5. John Paul na 2 ya ɗan sassauta sharaɗin a 1996, Benedict na 16 ya maido da shi a 2007.

To, akwai siyasa a zaɓen Fafaroma? Akwai, domin masu zaɓen mutane ne, suna da ɓangarori, suna tattaunawa a tarukan share fage, suna auna juna. Amma ba a Fadar White House take ba, ba kuma a cikin hayaƙi ba. Tana cikin jerin sunayen da Fafaroma mai ci ke karantawa duk lokacin da zai naɗa sababbin kadinal. Mai son sanin ko Afirka na matsowa kusa da kujerar, ya riƙa ƙirga 'yan Afirka nawa ne a wannan jeri, da shekarun kowannensu.