Gyaran Hoto Da Kwamfuta A Kafanchan: Kada Garin Gyaran Gira A Rasa Ido

Daga Wakilinmu, Kafanchan

Da wuya a shiga ɗakin mutumin Arewa da ke zaune a Ikko ko Badun ko Fatakwal ba a ga hoton wani nasa na gida rataye a bango ba. Wani hoton mahaifinsa ne cikin kayan aikin reluwe, wani kuwa na ranar bikin aurensa. A kwanakin nan wata sana'a ta kunno kai wadda ta shafi irin waɗannan hotuna, watau gyaran hoto da kwamfuta, har ta kai shagunan masu hoto na Kafanchan da garuruwan da ke kewaye da ita.

Kafanchan dai ba baƙuwar hoto ba ce. Tun daga wajen shekarar 1927, lokacin da layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi ya haɗu da na Kaduna, aka kuma ja reshe zuwa Jos, garin ya zama mahaɗar jama'a iri iri. Ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa suka cika shi, kowa kuwa yana so ya aika wa danginsa hoto su ga yadda ya zama.

A wancan zamani mai hoto yakan ɗauka da fim, ya shiga ɗakin duhu ya wanke. Fim kuwa an shafe shi ne da wasu ƙananan ƙwayoyi na sinadarin azurfa, su ne ke sa in an dubi tsohon hoto da kyau a ga ɗigo-ɗigo kamar an watsa rairayi. Takardar ma iri iri ce. Akwai mai sheƙi, akwai kuma mai kaushi kamar saƙar zuma, wadda aka yi yayinta ƙwarai a shekarun 1970. Da kyamarar zamani ta zo, wadda ba ta bukatar fim, sai duk wannan ya kau. Kamfanin Kodak ma, wanda ya daɗe yana jan ragamar cinikin fim a duniya, sai da ya nemi kariyar kotu saboda bashi a watan Janairu na 2012.

To, abin mamaki, kaushin nan da zamani ya kawar shi ne yanzu ake biyan kuɗi a mayar. Babbar manhajar da masu gyara ke aiki da ita ita ce Photoshop, wadda wasu 'yan'uwa biyu na Amurka, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira, kamfanin Adobe ya fitar da ita kasuwa a 1990. Akwai kuma waɗansu ƙananan manhajoji da ake ɗora mata, su ba sa tsayawa da ƙafarsu sai a bayanta, shi ya sa za a iya kiransu manhajojin goyo. Daga cikinsu akwai Kai's Power Tools ta 1992, da Nik Collection, wadda Google ya sayi kamfaninta a 2012, ya bayar da ita kyauta a 2016, sa'an nan ya sayar wa kamfanin DxO na Faransa a 2017.

Yadda aikin yake ba wuya. Mai gyara yakan ɗauki hoton wani abu mai kaushi, ya shimfiɗa shi a kan hoton mutum, sa'an nan ya rage masa ƙarfi har na ƙasa ya riƙa lekowa, kamar yadda ake hango fuskar amarya ta cikin mayafi shara-shara. Ita Photoshop tana zuwa da nata iri huɗu, watau jan bulo, da buhun algarara, da ƙyallen masu zane, da dutse mai yashi. Amma mai basira ba ya tsayawa nan. A ƙasar nan abin ɗauka ba ya ƙarewa: fuskar duwatsun Kagoro, da bangon jar ƙasa, da tabarmar kaba, da busasshiyar cittar Kwoi da Kaciya in an baza ta a rana. Hoton da aka ɗauka jiya a bikin Afan, wanda ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, ko a gindin ruwan Matsirga, sai a fito da shi ka rantse zanen hannu ne, ko kuwa ya shekara hamsin a cikin adaka.

Wannan duk ado ne, ba laifi. Inda ake bukatar lura shi ne wajen tsofaffin hotuna. Ƙasar Kafanchan ƙasar ruwa ce, danshi da gara da funfuna ba sa barin takarda. Bayan haka rikice-rikicen 1987 da na 2011 sun ci gidaje da shaguna, wuta kuwa ba ta tambayar hoton wane ne. Saboda haka akwai gidajen da hoto ɗaya tak ya rage na kakansu.

In an kai irin wannan hoto gyara, da fari sai an kwafe shi da na'ura zuwa kwamfuta. Idan mai saƙar zuma ne, hasken na'urar yakan fito da saƙar ɓaro-ɓaro ta rufe fuska. Akwai manhajar goyo da ke gane zanen da ya yi ta maimaita kansa ta cire shi kaɗai, amma mai gaggawa sai ya bi da abin goge fata, irin su Portraiture, wadda aka yi don gusar da ƙuraje a hoton kwalliya. Ita kuwa ba ta san bambancin tabon takarda da tsagar gado ba. Tsoho mai zane a kumatu sai ya fito sumul kamar jariri, alhali kuwa zanen nan shi ke faɗin ko shi ɗan wane gida ne. Wani lokaci har a ƙara masa hasken fata wanda Allah bai ba shi ba.

Mafi haɗari su ne sababbin manhajojin wayar hannu masu ƙirƙirarriyar basira. In ido ko baki ya goge a hoto, su ba sa dawo da shi, kintata suke yi daga ɗimbin fuskokin da aka koya musu. Hoto yakan fito tas, amma mutumin ciki wani ne dabam. Jikokin da aka haifa a Agege ko Sabon Badun, waɗanda ba su taɓa ganin kakan nan ba, su girma suna duban fuskar da ba tasa ba.

Don haka ga shawara ga 'yan'uwa mazauna Kudu masu aika hoto gida ko kai shi shago. Kada a bar ainihin hoton a hannun kowa bayan an kwafe. Kada a manne shi cikin leda mai zafi, domin in ta kama ba ta ɓamɓaruwa sai da fuskar hoton. A nemi mai gyara ya ba da kwafi biyu, ɗaya wanda ba a taɓa ba, ɗaya na ado. Kafin a buga babba a sa a firam, a nuna wa wani dattijo da ya san mamacin ido da ido. A rubuta suna da gari da shekara a bayan kowane hoto da fensir, tun masu sani suna raye. Hoton fasfo da na katin shaida kuwa, kada a yarda a sa masa ado ko kaɗan, gama hukuma kamannin mutum take nema.

Sana'ar dai halal ce, tana kuma ciyar da samari da yawa. Amma wanda aka miƙa wa hoton uban wani, amana aka ba shi. Allah ya sa a riƙe ta.