Ƙarfin Doki Da Ƙarfin Murɗa A Injin Jirgin Tsere

Duk wanda ya tashi sayen injin jirgin ruwa mai gudu, abin da yakan fara tambaya shi ne doki nawa ke cikinsa. Amma akan sami inji biyu masu dawaki daidai wa daida, ɗaya ya zabura da jirgi nan take, ɗayan kuwa ya yi ta nishi. Bambancin yana wajen ƙarfin murɗa.

Ƙarfin murɗa shi ne irin wanda makanike kan sa wa sifana in zai kwance noti. Ƙarfin doki kuwa awo ne na saurin aiki. James Watt, mutumin Sikotilan, shi ya tsayar da shi a ƙarni na 18, wato ɗaga laba 33,000 sama ƙafa ɗaya cikin minti ɗaya.

Lissafi guda ya haɗa su. A ninka murɗar, bisa awon laba da ƙafa, da yawan juyin inji a minti, a raba da 5,252, sai dawaki su fito. Saboda haka inji mai murɗa 500 a juyi 3,000 da mai murɗa 300 a juyi 5,000 duka suna ba da doki wajen 286. Sai dai na biyun ba ya kai wannan ƙarfi sai ya yi juyi ƙwarai.

A ruwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mota tana da giya-giya, amma galibin jirage giyar gaba ɗaya tak gare su. Jirgi kuwa sai ya ɗaga ƙirji ya hau saman ruwa kafin ya sami gudu, kuma murɗa tun juyi bai yi yawa ba ita ke ɗaga shi. Daga nan dawaki ke yanke iyakar gudunsa.

Farfela ce ke daidaita tsakani. In karkatar fukafukanta ta yi yawa, inji ba zai kai juyin da maƙeransa suka ƙayyade ba, sai ya wahala, ya yi saurin lalacewa. In ta yi kaɗan, ya zarce juyin, ɓarnar dai ita ce.

Don haka mai saye ya tambayi juyin da dawakin ke fitowa, ya auna da nauyin jirginsa. Hausawa suka ce ba girin-girin ba, ta yi mai.