Mene Ne “Wrath”?

Yaranmu da ke karatun Littafi Mai Tsarki da Turanci sukan yi tuntuɓe da kalmar wrath, su zo su tambaye mu ma'anarta. Sau da yawa mukan ce musu “fushi” kawai, mu wuce. Amma amsar ba ta cika ba.

Da fari dai, ba a furta harafin w. Mutanen Ingila sukan ce “roth”, na Amurka kuwa “rath”. Tsohuwar kalma ce, ta fi shekara 1000 a bakin Turawa. Tushenta ɗaya da writhe, wato murɗe-murɗen da mai ciwon ciki yake yi. Ashe tun dā sun lura cewa zafin rai yakan murɗe mutum, fuska da zuciya duka.

Fushi na yau da kullum anger ne. Idan an taka maka ƙafa a kasuwa, ba za ka ce wrath ba. Wannan hasala ce ta mai iko, kamar sarki ko alƙali, wadda hukunci yake biye da ita. Shi ya sa aka fi jinta a kan fushin Allah game da zunubi. A hirar yau Turawa ba su cika faɗinta ba, sai a rubuce ko cikin raha.

Fassarar Sarki Yakubu ta 1611 ta yi amfani da ita har ga 'yan Adam. A Afisawa 4:26, inda Manzo Bulus ya gargaɗe mu kada mu kwana da fushi, wrath ta rubuta. Fassarar RSV ta 1952 kuwa ta sa anger a wurin.

To, ina ruwanmu da wannan? Mu iyaye, mu ne masu iko a gida. Ɓacin ran da muke gani ƙarami ne, ga yaro hasala ce, gama bulala tana hannunmu. Allah yakan yi jinkirin fushi, shari'arsa kuma daidai take. Tamu fa? Sau nawa muka hori yaro don haushin da muka kwaso daga gona ko ofis?

Saboda haka idan rai ya ɓaci, mu dakata tukuna. Mu ji ta bakin yaron, sa'an nan mu yi horo gwargwadon laifi, mu kuma shirya da shi kafin a kwanta.