Hanyoyin Keke da Google Maps Bai Sani Ba Tsakanin Samaru da Sabon Gari

Duk wanda ya taɓa hawa keke daga Samaru zuwa PZ ta titin Sakkwato ya san wannan ba yawon shan iska ba ne. Tirela na bayanka, ɗan acaɓa na gefenka, mai Napep ya tsaya ɗaukar fasinja a gabanka ba tare da sigina ba, kafin ka kai Kwangila hankalinka ya gama tashi. Shi ya sa matasa da yawa masu keke a gida suka jingine shi, sai dai a aiki yaro kasuwa da shi.

Amma in ka sauka daga kwalta ka yi tafiyar minti biyar kacal, sai ka tarar da wata Zariya daban. Akwai hanyoyin gona, da turbobin ƙafa, da burtalin shanu, da 'yan hanyoyin da masu noman rani suka fitar a bakin fadama. Babu mota a cikinsu, ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce. Matsalar ita ce yawancinsu ba sa cikin taswirar da ke wayarka. A nan za mu duba abin da ya jawo hakan, da yadda za ka yi amfani da wayar wajen gano su, ka ajiye su, har ka saka su a taswira.

Me ya sa manhaja ke mayar da kai babban titi?

Manhajar taswira ba ta ganin ƙasa yadda kai kake ganinta. Abin da ke cikinta layuka ne da mahaɗai: kowane titi layi ne, kowace mararraba ɗigo ce, kowane layi kuma an ba shi farashi, wato tsawonsa ko mintunan da ake ci a kansa. Idan ka ce ta kai ka wani wuri, lissafi take yi ta tara layukan da jimillar farashinsu ta fi ƙanƙanta. Tushen wannan lissafi tsoho ne, wani masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan mai suna Edsger Dijkstra ya wallafa shi tun 1959, kuma duk mai koyon rubuta manhaja sai ya ci karo da shi.

To abin lura shi ne, hanyar da ba a zana ba, a wurin manhajar babu ita. Ko da mutum ɗari na bin wata turba kullum daga Hayin Dogo zuwa gonakinsu, in ba wanda ya zana ta, manhaja za ta ce ka koma kwalta. A 2019 Google ya ƙara wa Najeriya zaɓin tafiya da babur, amma shi ma saurin isa yake nema maka, ba kwanciyar hankali ba. Mai yawon keke kuwa akasin haka yake so: gara ya ƙara kilomita uku da ya haɗa hanya da tanka.

A ƙasar Holan sun daɗe da gama wannan magana. Suna da hanyoyin keke zalla da tsawonsu ya kai wajen kilomita 35,000, wasu sun ratsa tuddan yashin bakin teku, wasu sun bi gefen koguna da dausayi. Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin lambobi da suka aro daga maƙwabciyarsu Beljiyam. Wani injiniyan haƙar ma'adinai, Hugo Bollen, shi ya ƙirƙiro shi, aka fara aiki da shi a lardin Limburg a 1995. Kowace mahaɗa an kafa mata allo mai lamba, sai mutum ya rubuta lambobin da zai bi a takarda ya kama hanya. In ka lura, layuka da ɗigogin nan na cikin kwamfuta ne aka fito da su fili. A Ingila kuma tsohon layin dogo suka mayar hanyar keke tsakanin Bristol da Bath, wajen kilomita 21, daga 1979 zuwa 1986. Mu ma nan Zariya an taɓa yin ƙaramin layin dogo da ke zuwa yankin Jos ɗauko kuza, aka rufe shi a 1957, sai dai ba wanda ya yi tunanin keke a lokacin.

Abin da muke da shi a nan

Samaru na bisa tudu mai tsayin kusan mita 680 daga matakin teku, amma tudun a baje yake, ba hawa da gangara mai wahalarwa. In ka cire Dutsen Kufena da 'yan duwatsun da ke tsaye nan da can, fili ne iya ganinka. Keke mara giya ma, irin Phoenix ɗin nan na iyayenmu, ya isa.

Kashin bayan yankin shi ne kogin Kubanni. Yana tasowa daga wajen Shika, ya ratsa harabar Jami'ar Ahmadu Bello inda aka tare shi da madatsa a 1973 don samar wa jami'ar ruwan sha, ya gangara ya raba Sabon Gari da Tudun Wada, sannan ya faɗa kogin Galma. Da rani gefensa kore ne shar: tumatir, albasa, latas, kabeji, rake. Duk inda ake noman rani kuwa dole akwai turba, domin sai an fitar da kwandunan kaya zuwa bakin titi. Haka abin yake a fadamar Galma, wadda ta fi faɗi nesa ba kusa ba. Ta ɓangaren arewa kuma akwai ƙauyukan da ke tsakanin Bomo da Basawa, inda hanyoyin gona suka saƙa kamar gizo-gizo. Sannan ga layin dogon da ya tashi daga Zariya ya bi ta Samaru ya nufi Funtuwa da Gusau har Ƙaurar Namoda, wanda aka kammala a 1929. A wurare da yawa akwai turbar ƙafa a gefensa. Turbar nake nufi, ba kan ƙarfen ba, kuma kada ka kuskura ka hau gadar jirgi da keke don kawai ka daɗe ba ka ga jirgi ba.

Tuddan yashi irin na Holan dai babu su a Zariya. Mai son ganinsu sai ya nufi Tulo-Tulowa a Yusufari ta jihar Yobe. Yashin da za ka samu a nan na cikin rafi ne da rani, shi kuwa sai dai ka sauka ka tura.

Harabar jami'a da gonakin gwaji na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru wurare ne masu shinge da masu gadi. Ganin hanya a hoto ba izinin shiga ba ne, ka tambaya a ƙofa.

Yadda ake karanta hoton sama

Kafin ka fita, buɗe Google Maps ka juya shi zuwa hoton tauraron ɗan'adam, ka ja hoton ya matso sosai. Siririn layi fari ko ja-ja da ke lanƙwasa tsakanin gonaki turbar ƙafa ce. In ka ga layi biyu a jere da ciyawa a tsakaninsu, hanyar amalanke ce ko ta a-kori-kura, kuma ita ta fi daɗin keke. Zirin kore mai duhu a tsakiyar busasshiyar ƙasa fadama ce. Inda turba ta shiga wannan koren ta ɓullo ta ɗaya gefen, mashigin ruwa ne: da rani za ka haye, a watan Agusta wataƙila ruwan ya kai ƙugu. Tabo baƙi mai rassa kamar yatsun hannu kuwa zaizayar ƙasa ce, kuma akwai irin waɗannan kwazazzabai a yankin Kubanni.

Ka riƙe a ranka cewa hoton ba na yau ba ne. Yana iya yin shekara biyu ko fiye, kuma Zariya gini ake yi ba dare ba rana. Inda ka ga fili a hoto kana iya tarar da katanga.

GPS ba ya cin data

Wannan shi ne abin da mutane suka fi rikicewa a kai. Taurarin GPS suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne na aiko da saƙon lokaci da inda yake. Wayarka saurare kawai take yi, ba ta aika musu komai. Da zarar ta ji aƙalla guda huɗu, sai ta auna tsawon lokacin da saƙon kowanne ya ɗauka kafin ya iso, ta fitar da inda kake. A fili, kuskurenta kan tsaya wajen mita biyar. Yawancin wayoyin yanzu ma suna haɗawa da taurarin Galileo na Turai, da GLONASS na Rasha, da BeiDou na Sin. Abin da data ke yi shi ne taimaka wa wayar ta kama taurarin da wuri, da kuma sauko da hoton taswirar da ɗigon zai zauna a kai. Saboda haka in ka sauke taswirar tun a gida, ko sabis ya ɗauke a tsakiyar fadama ba abin da zai canja.

Manhajoji biyu da suka dace da wannan aiki su ne OsmAnd da Organic Maps. Dukansu suna aiki ba intanet, suna da zaɓin keke, kuma suna iya naɗar hanyar da ka bi. Organic Maps ta fi sauƙi kuma ba ta nauyaya wa ƙaramar waya. OsmAnd ta fi yawan saituttuka, har tana nuna ko hanya kwalta ce ko ƙasa, amma sai ka zauna ka koye ta. Strava ta fi dacewa da mai son ƙirga kilomita da gasa da abokai.

Abin da aka naɗa yana fita ne a fayil mai suna GPX, wanda jerin ɗigogi ne kawai, kowanne da wurinsa da lokacinsa. Na tafiyar awa biyu sau da yawa bai kai nauyin hoto ɗaya ba, kana iya tura wa aboki ta WhatsApp ya buɗe ya bi sawunka. In ka ga layin ya yi tsalle ya miƙe ɗoɗar ta kan gidajen mutane, mai yiwuwa wayar ce ta kashe manhajar bayan fuskarta ta mutu. Wayoyin Tecno da Infinix da itel da Redmi suna da tsananin tattalin batir, don haka shiga saitin batir ka cire wa manhajar takunkumi. Fuskar waya ta fi GPS shan caji, musamman in ka ƙure haskenta a rana. Ka bar ta a aljihu, ka riƙa dubawa a mararraba. Ɗaure ta a kan keke cikin zafin Maris da Afrilu na sa ta ɗau zafi har ta rage aiki, ga kuma masu ƙwacen waya.

Saka hanyar a taswira

OsmAnd da Organic Maps duk daga OpenStreetMap suke ɗibar bayanansu. Taswira ce da Steve Coast ya fara a Birtaniya a 2004, wadda kowa ke iya gyarawa kamar Wikipedia. Ka buɗe asusu, ka ɗora fayil ɗin GPX ɗinka, ka zana layi a kansa. Hanyar gona ana yi mata alamar highway=track, turbar ƙafa highway=path, mashigin ruwa ford=yes. Ka tabbata bakin layinka ya manne da titin da ya haɗu da shi, in ba haka ba lissafin da muka yi bayani a sama ba zai taɓa bi ta kansa ba. Sharaɗi ɗaya mai ƙarfi: ba a kwafa daga Google, dokar mallaka ta hana. Akwai hotunan Bing da Esri a cikin shafin gyaran da aka halatta amfani da su. Bayan manhajojin sun sabunta taswirarsu, sai ka ga turbar ta bayyana a wayar kowa. A ganina abokai biyar masu keke za su iya zane gefen Kubanni kaf a rani ɗaya, har su sa wa mahaɗai lambobi irin na Beljiyam a tsakaninsu.

Sai dai ba duk abin da waya ta naɗa ake bazawa ba. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya, Nathan Ruser, ya gano cewa taswirar da Strava ta fitar ta inda masu amfani da ita ke motsa jiki tana tona wuraren sansanonin soja a ƙasashe daban-daban. Zariya garin barikoki ne, ga Depot ga Basawa, kada ka naɗi komai ko ka ɗau hoto kusa da su. Haka kuma in kullum layinka daga ƙofar gidanku yake farawa da ƙarfe shida, ka sanar da duniya inda kake kwana da lokacin fitarka ke nan. Strava na da saitin ɓoye farko da ƙarshen tafiya, ka kunna shi, ko ka fara naɗa sai ka yi nisa da gida.

Maganar tsaro ba a wasa da ita, domin an sha sace mutane a gefen Zariya a shekarun nan. Ku fita ku biyu ko uku, da safe, ku tsaya inda ake ganin manoma da gidaje, kada sabon layi a hoto ya ja ku cikin daji. Tura wa wani a gida wurinka kai tsaye ta WhatsApp, akwai zaɓin minti 15, awa 1 ko awa 8, amma shi wannan yana buƙatar data. Ka yi sallama ga mutanen da ka tarar a gona ka tambaye su ko gaba lafiya, sun fi kowace manhaja sanin halin da ake ciki. Kada ka taka kunyar wani ko ka karya masa bakin kwali na ban-ruwa don gajarta hanya.

Lokacin da ya fi dacewa daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, ƙasa ta bushe, an girbe dawa da masara ana hangen nesa, fadama kuma ta fara kore. A tafiyar nishaɗi mutum kan yi kilomita 12 zuwa 15 a awa, don haka zagayen kilomita 20 ya isa safiya guda. Ka tafi da ruwa, da famfo, da kayan faci, saboda tsidau ya cika hanyoyin gona bayan kaka, mai faci mafi kusa kuma yana can bakin kwalta.