Fentin ƙofofi da tagogin roba: launin da ido ke so, da wanda rana za ta yarda da shi

Duk wanda ya zaga sababbin gine-ginen Sokode a 'yan shekarun nan, ko ya bi babbar hanya ya haura Dapaong, zai lura ƙofofi da tagogin roba, waɗanda 'yan kasuwa ke kira PVC, sun fara samun gindin zama a gidajenmu. Da can ƙofar ƙarfe ce ta mai walda, sai tagar gilashi mai ganye-ganye da muke kira nako. Yanzu kuwa ƙofar bayi, ta kicin, wani lokaci har tagogin falo, roba ce. Ba ta tsatsa, gara ba ta cin ta, ruwan wanka ba ya ruɓar da ita. Aibinta dai fara take zuwa, fari kuwa ba ya daɗewa a ƙasarmu. Bayan 'yan shekaru sai ka ga ta koma ruwan ƙwai, ga shatin hannun yara, ga jar ƙasa ta kama gindinta. Da Sallah ta gabato sai maigida ya ce a kira mai fenti a fesa mata sabon launi.

To, wane launi? A nan ake yin asara, domin yawancinmu da ido kaɗai muke zaɓe.

Launin da matasa suka fi nunawa a waya yanzu shi ne ruwan toka mai duhu, kusan baƙi, irin na gidajen Faransa da Ingila. A kundin launuka na RAL, wanda Jamusawa suka kafa tun 1927, lambarsa 7016. Yana da kyau, ban musa ba. Amma an yi shi ne don garuruwan da rana baƙuwa ce. A Dapaong, cikin Maris da Afrilu, zafi yakan kai digiri 40 a inuwa, abu mai duhu kuwa da ke fuskantar rana yana iya haura digiri 70. Ita robar PVC tana soma laushi tun wajen digiri 80, kuma tun kafin a kai can takan fara lanƙwasa in zafin ya daɗe a kanta.

Da yake aikina koyarwa ne, bari in yi lissafin kamar a kan allo. Kowace mita ɗaya ta wannan roba tana miƙewa da kimanin milimita 0.07 duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Ɗauki ƙofa mai tsawon mita 2. Da asuba tana digiri 20, da azahar fenti mai duhu ya kai ta 70. Bambanci 50 ke nan, wato ƙofar ta ƙara milimita 7. Ƙofar ƙarfe mai tsawo ɗaya, a zafi ɗaya, da kyar za ta wuce milimita 1. Milimita 7 ba komai ba ne a ido, amma ya isa ya sa makulli ya daina shiga raminsa. Kuma fuskar waje ce kaɗai ke gasuwa, ta ciki na cikin sanyin ɗaki, don haka ƙofar ba miƙewa kawai take yi ba, gantsarewa take yi. Na ga haka a gidan wani ɗan'uwa a Dapaong: ƙofar da ke kallon yamma, an fesa mata ruwan ƙasa mai duhu, kafin damina ta sauka sai da kafaɗa ake rufe ta. Mai fentin ya karɓi kuɗinsa ya tafi, kuma ba laifinsa ba ne, abin da aka ce ya fesa shi ya fesa. A Turai akwai fenti mai duhu na musamman da ke mayar da zafin rana, amma kada kowa ya ɗauka kowane gwangwani da ke kan kantar shago irinsa ne. In ba a rubuta a jiki ba, to ba shi ba ne.

Sai maganar ƙura. Mutane suna ɗauka launi mai duhu yana ɓoye datti. A hunturu akasin haka ne: ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara fara-fara ce, kan baƙar ƙofa sai ka ce an barbaɗa gari. Fari tas kuma shi jar ƙasa ke tona wa asiri, musamman a Sokode inda damina ta fi tsawo, ruwan indararo na fallatsa laka har gwiwar ƙofa. Launukan da ke tsakiya su ne suka fi haƙuri da mu: ruwan madara, ruwan yashi, ruwan toka mai haske. Ni a ganina, kafin maigida ya yanke hukunci ya tambayi uwargida ko 'yan matan gidan, tunda su ke riƙe da tsumman goge ƙofar kullum safiya. Sun fi mai fenti sanin launin da ke wahalarwa.

Launi kuma yana magana, a garinmu ma har da ƙarfi. Kore shi ne abin son Musulmi, za ka gan shi a ƙofofin masallatai da na gidajen alhazai daga Zongo har Didawure. Kubbar masallacin Annabi (SAW) a Madina ma ba da kore aka gina ta ba, a 1837 aka fara shafa mata shi, zamanin Sarkin Daular Usmaniyya Mahmud na Biyu. Amma kore iri-iri ne. Kore shar mai duhu yana shan zafi kusan kamar ruwan ƙasa, don haka a kan roba gara mai haske, ko a ajiye mai duhun don ƙofar ƙarfe ta zaure. Akwai kuma launukan da siyasa ta riga ta yi wa shaida. Mutumin Sokode bai manta jajayen riguna na ranar 19 ga Agustan 2017 ba, ya kuma san shuɗi mai haske na jam'iyya mai mulki ne, ruwan lemo na wata jam'iyyar adawa. Kai ƙofa kawai ka fenta, maƙwabci kuwa tuta ya gani. Ba na cewa a ji tsoron launi, ina cewa a san abin da ake rataya wa gida. Wanda ke haya kuma ya fara neman izinin mai gida, kada ranar tashi a cire masa kuɗin sabuwar ƙofa daga ajiyarsa.

Abin da ya fi damuna a matsayin mai zama da yara kullum shi ne dalma. Fentin mai, musamman rawaya, ja, ruwan lemo da wasu korayen, an daɗe ana haɗa shi da sinadarin dalma don launi ya fito ya kuma bushe da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da ba ya cutarwa a jikin yaro. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta, ba tare da an ga wata alama ba. Mun ji abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito. A gida hanyarta ita ce ɓawon fenti da ƙurarsa, yaro mai rarrafe kuwa komai baki yake kai wa. Don haka in za a haɗa da tsofaffin ƙofofin ƙarfe a aikin, a jiƙa su kafin a kankare, a fitar da yara da masu juna biyu, a share wurin da ruwa. Wajen saye a nemi gwangwanin da aka rubuta babu dalma a ciki. Fentin ruwa galibi ya fi aminci ta wannan fuska.

Shi aikin fesawar, yawanci masu fentin mota ake kira, don su ke da injin. A gaya musu tun farko roba ce. Ruwan tsinka fenti mai ƙarfi, wanda masu shago ke kira diliyan, yana iya cin fuskar PVC. A wanke ƙofar da sabulu ta bushe, a bi ta da samfefa mai laushi, a sa shafin farko wanda aka yi don roba, sannan fenti shafi biyu ko uku marasa kauri. In aka tsallake shafin farko, wata ran da farce za ka ɓare fentin kamar ɓawon albasa. Baƙar robar da ke riƙe gilashi da maƙalan ƙofa a rufe su da takarda, kada fenti ya taɓa su.

Lokaci ma abin dubawa ne. Shekarun nan ƙaramar Sallah tana faɗowa a Maris ko farkon Afrilu, ga sauran ƙura ga zafi, lokacin da bai dace da fenti ba ko kaɗan: ƙura na manne wa ɗanyen fenti, rana na busar da samansa kafin cikinsa ya kama. Wanda zai iya jira, ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba ya fi, ruwa ya ɗauke hunturu bai kankama ba. Wanda ba zai iya ba, a cire ƙofar a kai ta inuwa, a yayyafa ruwa a ƙasa, a yi aikin da sassafe.

Kada kuma a dogara da ɗan katin launi na cikin shago, hasken ƙwai daban, hasken rana daban. Akwai gwajin da nake sa ɗalibaina su yi a darasin zafi, ya kuma yi daidai da nan. Ka roƙi guntayen roba biyu ko uku wajen masu haɗa tagogi, a fesa wa kowanne launin da kake tunani, ka jingine su a bangon da ƙofar take. Da azahar ka ɗora tafin hannu a kai: wanda ka kasa riƙewa ka cire shi daga lissafi. Sauran ka bar su nan mako guda ba gogewa, sannan ka kira mutanen gida su duba.