Karatun Kula da Sabar a Yamai: Dalilan Koyo da Hannu da Abin da Ya Haifar

A shekarun nan wata ɗabi'a ta yaɗu tsakanin matasan birnin Yamai masu neman sana'ar kula da sabar, wato manyan kwamfutocin nan da bankuna da kamfanonin sadarwa da ma'aikatun gwamnati ke ajiye bayanansu a ciki. Sai ka ga saurayi ko budurwa sun kammala Jami'ar Abdou Moumouni ko wata makarantar koyon kwamfuta, takardar kammalawa tana hannu, amma sun koma ɗaki sun sake buɗe karatu su kaɗai, ba aji ba malami, domin neman shaidar ƙwarewa irin ta Red Hat ko ta LPI. Wannan al'amari ya cancanci a yi masa nazari, domin a cikinsa akwai maslaha bayyananna, akwai kuma mafsada ɓoyayya.

Sababi na farko shi ne buƙata. Tun da aka haɗe Sonitel da SahelCom aka kafa Niger Telecom a 2016, aka kuma kafa hukumar ANSI a 2017 domin shigar da ayyukan hukuma cikin na'ura, ga kuma Airtel da Moov da Zamani suna faɗaɗa hidimarsu, sai aka wayi gari mai ɗaukar ma'aikaci ba ya wadatuwa da tambayar inda mutum ya yi karatu, yana son ya ga abin da hannunsa ya iya. Na biyu shi ne siffar jarrabawar kanta, domin ta Red Hat, wato RHCSA, ba ta da tambayoyin zaɓi ko ɗaya. Ana ba ɗalibi na'ura ne da jerin ayyuka, ba intanet, ana neman maki 210 cikin 300, kuma duk gyaran da bai tsaya da ƙafarsa ba bayan an sake kunna na'urar, to, kamar ba a yi shi ba ne. Na uku shi ne tsada, tun da kuɗin zaman jarrabawar kaɗai ya haura jaka 200 na sefa, balle kuɗin horon kamfanin Red Hat wanda ya ninka haka.

Sai kuma halin gari, wanda shi ne ke yanke hukunci a kan kayan da za a zaɓa. Duk wanda ya ga yadda Yamai ta kasance a watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta katse wutar da take turowa, ko ya san yadda ake fama da ɗaukewar wuta a zafin Afrilu da Mayu, ya san cewa darasin da bai yiwuwa sai da intanet mai ƙarfi sa'a bayan sa'a ba na talaka ba ne. Saboda haka masu basira suka koma ga ƙaramar kwamfutar hannu, ko da ta gwanjo ce, suka zuba mata VirtualBox wanda kyauta ne, suka gina na'urori biyu na Rocky Linux ko AlmaLinux a cikinta. A nan ɗalibi zai ɓata harafi guda da gangan a cikin fayil ɗin fstab, na'ura ta ƙi tashi, ya zauna da gumi yana bincike cikin littattafan bayani da ke cikinta har ya tashe ta. Abin da ya koya a wannan daren kuwa ya fi abin da zai samu daga kallon bidiyo na mako guda.

Fa'idar wannan tafarki ba ta ɓuya. Ya rage dogaro da tafiya waje, ya buɗe ƙofa ga ɗan marar hali, ya kuma haifar da ma'aikaci wanda ba ya firgita idan sabar ta tsaya ana tsakiyar biyan albashi. Amma illolinsa ma suna nan. Wanda ba shi da murshidi yakan ɓata watanni a kan littafin da zamaninsa ya wuce, alhali Microsoft ta janye shaidar MCSA tun Janairun 2021, CentOS 8 kuma ta daina samun gyara a ƙarshen 2021. Matsalar harshe ma tana karkatar da zaɓi, domin ɗalibin da ya tashi da Faransanci yakan rungumi darussan OpenClassrooms ko littafin Debian na Raphaël Hertzog da Roland Mas, waɗanda nagartattu ne kuma suna taimakon mai neman shaidar LPI, wato LPIC, sai dai mai nufin Red Hat zai tarar da hanyar girka manhaja da tsarin SELinux sun sha bamban da abin da ya saba. Mafi muni shi ne fataucin tambayoyin jarrabawa da aka sato, waɗanda wasu ke haddacewa; wannan ha'inci ne, kuma mai yinsa tamkar wanda ya riƙe ijaza ce ta littafin da bai taɓa zama gaban malami ya karanta ba.

Idan aka auna waɗannan duka, hukuncin da ya fito shi ne kayan karatu nagari su ne waɗanda suka cika sharuɗɗa uku: su dace da manufofin jarrabawar da kamfanin ya wallafa a bana, su yi aiki ko babu intanet, su kuma tilasta wa ɗalibi aiki da hannu a ƙarshen kowane babi. Ya kamata ɗalibai su riƙa haɗuwa uku ko huɗu, wannan ya ɓata na'ura wancan ya gyara, jami'o'i da cibiyoyi irin su CIPMEN kuma su tanadi ɗakin gwaji mai wutar hasken rana wanda zai kasance a buɗe da dare. Kai kuwa mai niyyar wannan karatu, kada ka biya kuɗin jarrabawa sai ranar da ka iya gina sabar daga farko har ƙarshe ba tare da ka buɗe littafi ba. Allah ya sa a dace.